Mun Je Neman Gajimare A Tudun Wada

Watan Afrilu a Sakkwato ba watan gajimare ba ne. Ka ɗaga kai tun hantsi har la'asar, sama fes take kamar an share ta, rana kuwa tana dukan kwanon ɗaki har ka ji yana ƙas-ƙas. A irin wannan rana ce, wata Asabar, muka tari kabu-kabu mu biyu, 'yan aji uku masu karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muka ce a kai mu Tudun Wada. Da mai babur ɗin ya tambaye mu abin da za mu yi a can da wannan zafi, sai muka ce gajimare za mu nema. Ya waiwayo ya dube mu, bai sake cewa uffan ba har muka sauka.

Gaskiyar magana ita ce kiran mu aka yi. Muna da aboki tun sakandare, wanda muka zauna jarrabawar JAMB tare da shi. Mu muka samu gurbi a jami'a, shi makinsa bai kai ba, sai ya tafi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ya yi ƙaramar difloma. Tun daga lokacin muke tsokanarsa da Ɗan Foli, sunan kuma ya bi shi. Yanzu ya gama shekara biyunsa, yana shekarar sanin makamar aiki a wani shagon kwamfuta a unguwarsu. Burinsa ya koma ya yi babbar difloma a fannin haɗa kwamfutoci da fasahar gajimare. Mahaifinsa kuma, wanda ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, ya ce karatun ya isa haka, ya zo ya kama masa shago. Shi ne Ɗan Foli ya roƙe mu mu zo mu sa baki, wai ko tsohon zai saurari 'yan jami'a.

Kusan duk babban garin Arewa yana da tasa Tudun Wadar. Akwai ta Zariya, akwai ta Kano, da ta Kaduna, da ta Gusau, har Jos ba a bar ta a baya ba. Ta Sakkwato tana cikin ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu, kuma mazaɓu biyu ce, A da B. Ba unguwar da baƙo ke zuwa yawon buɗe ido ba ce. Baƙo Hubbaren Shehu yake nufa, ko fadar Sarkin Musulmi. Nan kuwa wurin zaman masu nema ne: teloli, masu walda, ma'aikatan gwamnati, 'yan ga-ruwa suna tura kura a lungu, mata masu suyar awara a bakin ƙofa, yara suna dawowa daga Islamiyya cikin dogayen hijabai. Duk inda ka ga inuwar dogon yaro, za ka ga benci, duk inda ka ga benci kuma za ka ga mutum ya sunkuyar da kai a kan waya.

Ɗan Foli ya tarbe mu a bakin titi, ya ce mahaifinsa ba zai dawo ba sai bayan La'asar, don haka mu fara zagayawa. Inda ya fara tsayar da mu rumfar mai cajin waya ce. Allon katako ne cike da soket, wayoyi sun fi hamsin a jere, kowace an liƙa mata lamba, ga ƙaramin janareta yana ta kuka a baya. Mai rumfar ya ce mana ba caji ne ke ba shi wahala ba. Masu zuwa da sabuwar waya suna neman tsofaffin lambobinsu su ne aikin. In mutum ya riƙe adireshin imel ɗinsa da kalmar sirri, minti biyar lambobin sun dawo, har da hotuna wani lokaci. In kuwa wani yaro ne ya buɗe masa imel ɗin a kasuwa shekara huɗu da suka wuce, bai ma san an yi ba, to sai haƙuri. Ya ce ya sha ganin babban mutum ya yi zugum a bencin nan saboda lambobin abokan cinikinsa sun tafi tare da wayar da aka zare masa a tasha.

Ɗan Foli ya dube mu ya ce, "To ga gajimarenku na farko."

Bari mu tsaya nan mu warware wa ƙannenmu na sakandare wannan kalma, don kada su ɗauka ruwan sama ake nufi. Turawa ke ce masa kilawud, ma'anarsa gajimare, amma babu abin da ke rataye a sama. Kwamfutoci ne manya, dubbai, a jere cikin wasu gine-gine masu sanyi da gadi, waɗanda wani kamfani ya saya yake ba da hayar ƙarfinsu da wurin ajiyarsu ta intanet. Misalin da ya fi zauna mana shi ne injin niƙa. Ba kowane gida ke sayen inji ba. Ka ɗauki geronka ka kai, a niƙa maka, ka biya daidai kwanon da aka niƙa, man inji da gyaransa kuma ba ruwanka. Haka banki ko asibiti ko makaranta ke yi yanzu: maimakon su sayi manyan kwamfutocin da ake kira saba, su gina musu ɗaki, su yi ta fama da wuta, sai su yi haya su biya na awoyin da suka yi amfani da su.

Kamfanin Amazon, wanda da sayar da littattafai ya fara, shi ya buɗe wannan kasuwa sosai a shekarar 2006 da sashensa na AWS. Microsoft ya biyo baya da Azure a 2010, Google ma yana da nasa. Inda irin waɗannan gine-gine suka fi taruwa a duniya shi ne arewacin jihar Bajiniya ta Amurka. Nahiyarmu ta daɗe tana jira. Sai a 2019 Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu, Amazon a 2020, Google a 2024, duk a ƙasa ɗaya. A Najeriya yawancin rumbunan bayanai a Legas suke, irin su Rack Centre da ke Ikeja da MDXi da ke Lekki, kuma a 2023 Amazon ya kafa ɗan ƙaramin reshe a can. Kamfanin gwamnatin tarayya, Galaxy Backbone, yana da nasa a Abuja da Kano. Ke nan hoton sunan da wata inna ta ɗauka a Tudun Wada yana iya kwana a ƙasar da ko sunanta ba ta taɓa ji ba.

Daga rumfar caji taku kaɗan ne zuwa lemar mai POS. Matashiya ce, sanye da niƙabi, 'yar na'urarta a hannu, jakar kuɗi a cinya. Mun tsaya mun ga mutum uku sun cire kuɗi. Kowane danna maɓalli da ta yi, saƙo ne ke tashi daga ƙarƙashin lemar nan, ya bi dogon ƙarfen sabis, ya bi waya ƙarƙashin ƙasa, ya je ya tambayi wata saba a wuri mai nisa ko mutumin nan yana da dubu biyar, ya dawo da amsa kafin ya gama gyara hularsa. Da muka tambaye ta ranar da ta fi shan wuya a sana'ar, ba ta yi dogon tunani ba ta ce cikin azumin 2024. Mun gane ranar. A 14 ga Maris na shekarar ne wasu manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, harkar bankuna da sadarwa ta rikice a ƙasashen Yammacin Afirka da dama. Waya ta tsinke a cikin teku, mai cefanen buɗa-baki a Sakkwato ya rasa yadda zai biya kuɗin tumatir. Mutanen jiharmu ma sun riga sun san wannan darasi tun Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 saboda matsalar tsaro. Gajimaren yana nan daram a inda yake, amma babu tsanin hawa.

Shagon da Ɗan Foli ke aiki ɗaki ɗaya ne, kwamfutoci huɗu, injin hoto, fanka mai juya iska mai zafi. Aikinsu buga takardu, duba sakamakon jarrabawa, cike fom na makarantu da na neman aiki. Ya tuna mana yadda shafin intanet ke yin nauyi ranar da aka saki sakamako, kowa ya afka masa lokaci guda. Ya ce wannan ita ce matsalar da gajimare ya fi iya magancewa: ranar cunkoso ka ƙara hayar saba ashirin, jibi idan ƙura ta lafa ka mayar da su ka bar biyu.

Mun gyaɗa kai irin na waɗanda suka sani, don mun karanta haka a takardun lacca, mun ma rubuta a jarrabawa. Sai ya jawo wata tsohuwar kwamfutar cinya da aka ɗaure murfinta da salatif, ya haɗa ta da datar wayarsa. Muna kallo ya shiga asusunsa, ya zaɓi irin sabar da yake so, ya kunna ta. Ya buɗe wani baƙin allo ya yi ta rubuta umarni da Linux, babu hoto babu linzami. Kafin mu shanye ruwan ledar da ya saya mana, ya ce mu buga wata lamba a wayoyinmu. Muka buga. Sai ga shafi ya buɗe, an rubuta, "Sannunku da zuwa, 'yan jami'a." Kwamfutar da ta aiko mana da wannan gaisuwa tana wata nahiya.

Mun yi dariya, amma dariyar yaƙe ce. Shekara uku muna kiran mutumin nan Ɗan Foli, ga shi ya yi a gabanmu abin da mu ba mu taɓa gwadawa ba. Ba laifin kowa ba ne sai namu, domin ƙofar a buɗe take ga duk mai waya da ɗan haƙuri.

Shi ma ya sha nasa dukan kafin ya iya. Ya ba mu labarin yadda a farkon koyonsa ya kunna wata saba da ta fi ƙarfin abin da ake bayarwa kyauta, aka ɗauke wuta, ya tashi ya tafi gida ya manta da ita. Ita kuwa ba ta san an ɗauke wuta a Tudun Wada ba, ta ci gaba da aiki dare da rana tana ƙirga kuɗi da dala. Da wata ya ƙare, abin da aka nemi ya biya ya kusa cinye ɗan abin da ake ba shi a shago. Tun daga ranar, in ji shi, kafin ya kunna komai sai ya sa ƙararrawar da za ta gargaɗe shi in kuɗi ya fara hawa. Wannan karatu ba a takardar lacca yake ba.

Abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa shi ne canjin da aka yi a manhaja. A 2024 hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ta raba babbar diflomar kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, haɗa kwamfutoci da fasahar gajimare, gina manhajoji da shafukan intanet, sai tsaron intanet da kare bayanai. Wato ɗalibin foli zai iya shafe shekara biyu cur a kan wannan fanni kaɗai. Sai dai kowace kwaleji sai ta samu amincewar hukumar kafin ta fara kowane reshe, don haka wanda ke so ya taka da ƙafarsa zuwa sashen ya tambaya kafin ya sayi fom.

Ba mu kaɗai ke bin wannan hanya ba. A Amurka akwai kwalejojin al'umma, na shekara biyu, masu sauƙin kuɗi, inda ɗalibi ke zuwa daga gidansu, wani ma yana aiki da rana. A 2018 kwalejin al'umma ta Arewacin Bajiniya ta haɗa kai da Amazon suka fito da kwas na shekara biyu a kan gajimare, don kamfanonin da ke maƙwabtaka da ita suna neman hannu. Foli ita ce mafi kusa da wannan a wurinmu. Bambancin shi ne su rumbunan suna bayan katangar makarantarsu, mu kuwa tsakanin Sakkwato da Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Akwai kuma tsohon ciwon nan na fifita digiri a kan babbar difloma a wuraren aiki, wanda mu kanmu, da tsokanarmu, muna cikin masu hura masa wuta.

To wane aiki ke jiran mutum a ƙarshen hanyar? Yawanci ana farawa ne daga teburin taimako, inda kamfani zai bugo ya ce shafinsa ya tsaya, kai kuma ka bi sawu ka gano inda ta lalace. Daga nan akwai mai kula da sabobi, wanda ke sabunta su, ya ajiye kwafin bayanai, ya tashi ƙarfe biyun dare in ƙararrawa ta buga. Akwai mai tsaro, wanda ke hana ɓarayin intanet shiga, kuma tun da aka sa hannu a dokar kare bayanai ta ƙasa a 2023, duk ma'aikatar da ke riƙe da bayanan mutane tana da dalilin neman irinsa. Can sama akwai mai zana tsarin gaba ɗaya, kamar mai zanen gida, amma wannan sai an yi shekaru ana cin ƙasa. Masu ɗauka su ne bankuna, kamfanonin waya, kamfanonin hada-hadar kuɗi irin su Interswitch da Moniepoint da Flutterwave, da ma'aikatun gwamnati. Mafi yawan kujerun a Legas da Abuja suke, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ana yin aikin daga gida, amma gidan sai yana da sola da batir da intanet marar yankewa, kuma babu kamfanin da zai ba sabon shiga makullin rumbunsa don kawai ya nuna takarda.

Takardar ma da kuɗinta. Jarrabawar matakin farko ta AWS dala 100 ce, tambaya 65 cikin minti 90, kuma da Turanci. A 2024 dala ta haura naira 1,500, mai karatu ya yi lissafin da kansa. Ana iya zama a gida a rubuta, mai sa ido yana kallon ka ta kyamara, da sharaɗin ɗaki shiru, babu mai shigowa, wuta da sabis kada su yanke. Ɗan Foli ya ce a gidansu mai yara goma sha ɗaya, sharaɗin shirun ya fi dala ɗarin wuya. Akwai dai ƙofofin da ba a biya, kamar shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, wanda fasahar gajimare ke cikin fannoninsa, da darussan kyauta da kamfanonin kansu ke zubawa a shafukansu.

Bayan La'asar muka nufi gidan. Mun tarar da Baba a zaure a kan tabarma, ya cire hula, ga kwanon fura a gefe. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi iyayenmu da karatu. Sannan muka fara jawabin da muka shirya tun a hanya, muna ta jero Amurka da dala da kamfanoni. Ya bar mu muka gama tsaf.

"Na ji ku, ɗiyana," in ji shi. "Amma wanga gajimare da kuka hwaɗi, wa ad da shi? Ni ba ni ba da ajiya ga wanda ban san ƙohwar gidansu ba."

Muka yi shiru, don tambayar ta fi jawabinmu nauyi. Ɗan Foli ne ya amsa, kansa a ƙasa. Ya ce gaskiya ne, na wasu ne, haya ake yi, shi ya sa ake iya kulle bayanan da makullin da mai rumbun ma ba ya iya buɗewa, kuma shi ya sa ake bukatar namu su iya aikin. Sannan a hankali ya ce, "Baba, littahin bashi."

Ba mu san zancen ba sai a lokacin. A gobarar da ta ci babbar kasuwar Sakkwato ranar 19 ga Janairun 2021, shagon Baba yana cikin waɗanda suka ƙone. Yadin da ya tafi ya yi ciwo, amma da taimakon 'yan uwa an mayar da wani abu. Abin da bai dawo ba shi ne littafin da yake rubuta masu karɓar kaya bashi, na shekaru. Masu tsoron Allah sun zo da kansu sun biya. Wasu har yau in sun hango shi sai su canza hanya.

Ɗan Foli ya ce da a ce kowane shafi an ɗauki hotonsa an ajiye, da wutar ba ta kai gare shi ba, domin manyan rumbunan nan ba sa ajiye abu a gini ɗaya, sukan kwafe shi a wurare uku ko fiye, in ɗaya ya ƙone saura na nan. Baba ya ɗan yi murmushi ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne. Haka malaman da suka yi da littattafan Shehu da na Abdullahin Gwandu da na Muhammadu Bello: almajiri ya kwafa da hannu ya tafi da shi garinsu, in gara ta ci na nan, na can yana nan. Ya ce wanda ke shakka ya je gidan tarihi na Waziri Junaidu ya gani. Mu da muka zo wayar masa da kai, sai ga shi ya ba mu misalin da ya fi namu.

Bai ce ya yarda ba. Ya ce shago yana bukatar mutum, shi kuma ƙafafunsa sun fara gajiya, ƙannen Ɗan Foli kuwa ba su kawo ƙarfi ba. Wannan ma gaskiya ce, kuma babu ɗayanmu da ke da amsarta. Ya ce a bari damina ta faɗi, kafin a fara sayar da fom, zai yi shawara da ƙanensa.

Har mun miƙe za mu yi sallama, sai ya kira wani yaro ya ce ya shiga ciki ya ɗauko masa jakarsa. Ya zaro sabon littafin bashin, mai baƙin bango, an ɗaure shi da roba. Ya riƙe shi ɗan lokaci, sannan ya miƙa wa ɗansa.

"Hwara da wanga in gani. Amma kada kowa shi ga sunan kowa."

Mun baro su a zauren, Ɗan Foli ya shimfiɗa littafin a kan tabarma yana ɗaukar hoton shafi na farko, Baba yana riƙe masa gefen takardar don iska. A bakin titi muka tsaya jiran kabu-kabu. Wayar ɗayanmu saura kashi huɗu, sai muka koma rumfar mai caji, muka karɓi lamba 63.